Rabon Gadon Mai Rai: Yadda Masu Bin Bashi Ke Juya Dokar Rushe Kamfani

Duk wanda ya bi hanyar Kano ta Dogarawa, ko ya ratsa lungunan Samaru, zai ga gine-ginen da suka tsaya a linta. Rodi ya yi tsatsa a sama, ciyawa ta cinye tulin yashi, gansakuka ta kama bulo. Wasu kuɗi ne ya yanke wa masu su, wasu kuwa rigimar bashi ce ta riƙe su a kotu.

Tun da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ɗakin haya a Samaru bai rasa mai nema ba, shaguna ma haka suke a Sabon Gari. A ce wani ya yi rajistar ƙaramin kamfani, ya jinginar da takardar filinsa a banki, ya karɓi rance don gina ɗakunan ɗalibai. Siminti ya tashi, aiki ya ja baya. Banki ya kawo lissafi da kuɗin ruwa da tara, shi kuma ya ce adadin ya zarce abin da aka sa wa hannu. Wannan gardamar lissafi ce, kuma hanyarta a fili take: banki ya kai ƙarar neman bashinsa a tantance adadin, ko ya bi ƙa'idar sayar da abin da aka jinginar masa.

Amma akwai wata ƙofa da ta fi saurin razana mutum. Dokar kamfanoni ta CAMA, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Agustan 2020, ta tanadi cewa idan bashi ya haura adadin da aka ƙayyade (Naira 200,000 ne a 2020), aka aika wa kamfani takardar neman biya, mako uku ya wuce bai biya ba, ana iya ɗaukarsa a matsayin wanda ya kasa biyan bashi. Daga nan mai bin bashi na iya zuwa Babbar Kotun Tarayya ya nemi a rushe kamfanin.

Ciwon yana farawa tun kafin hukunci. Idan kotu ta yarda a buga sanarwar ƙarar a jarida, labari ya gama gari. Mai sayar da siminti zai daina ba da kaya bashi, wanda ya yi niyyar kama shago zai janye. Kuma duk cinikin da aka yi da dukiyar kamfanin bayan shigar da ƙara na iya rushewa idan aka yanke hukuncin rushe shi, don haka ba mai son taɓa ginin. Da yawa sukan biya abin da ba su yarda da shi ba don kawai a janye ƙarar.

Ba don wannan aka yi dokar ba. Rushe kamfani rabon gado ne: kamfanin da ya mutu murus ake tattara abin da ya bari a raba wa masu binsa bisa tsari. Malamanmu na fiƙihun Malikiyya sun san irinsa a babin taflisi, inda sai bashi ya rinjayi dukiyar mutum kafin alƙali ya hana shi taɓa ta. Wanda ke da gini tsaye, yake jayayya kan adadi da hujja, bai mutu ba. Kotun Ƙolin Najeriya ta tabbatar da haka a 2004, a shari'ar Air Via da Oriental Airlines: bashin da ake jayayya a kansa da gaske ba ya zama dalilin rushe kamfani. A Indiya ma, bayan dokar karayar arziki ta 2016, kotun ƙolinsu ta sha nanata cewa ba a yi dokar don karɓo bashi ba.

Ba wanda ya ce a ci kuɗin banki. Kuɗin masu ajiya ne, kuma taurin bashin manyan mutane ne ya sa aka kafa hukumar AMCON a 2010. Sai dai idan aka durƙusar da kamfanin gini, bankin da ke riƙe da jingina yana gaba wajen ɗiba. Na baya su ne birkila da kafinta da ba a gama biyansu ba, da matar da ta tara kuɗin adashi ta ba da kafin alƙalami na shago.

Bashi hanji ne, yana cikin kowa, don haka mai gini ya shirya. Ya karanta takardar rance tare da lauya kafin ya sa hannu, ya adana kowane rasit da bayanan asusunsa. Idan takardar neman biya ta iso, kada ya jefa ta cikin durowa, domin mako ukun nan ba ya jira. Ya mayar da amsa a rubuce, ya nuna inda lissafi ya saɓa, ya biya abin da ya yarda ana binsa. Idan cajin ya wuce ƙa'ida, ya fara kai kuka bankin, in ba a share masa hawaye ba ya wuce sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Bankin Najeriya. Alƙalai kuma su tsananta bincike kafin su ba da izinin buga sanarwa, domin sunan da jarida ta zubar, hukuncin da ya zo daga baya ba ya kwashe shi.