Kafin Ɗanka Ya Tafi Zangon Koyon Harshe

Idan kana da ɗa ko 'ya mai karatun Faransanci ko Larabci a jami'a, wata rana zai dawo gida Jimeta ko cikin garin Yola da takarda a hannu, ya ce a shekara ta uku ba a makarantarsu zai zauna ba. Za a tura shi inda ake magana da harshen dare da rana. Nan take hankalinka zai koma kan kuɗin mota da na abinci. Amma akwai abubuwa biyu da suka fi waɗannan tsada idan aka yi sakaci da su: lafiyar yaron, da kuma harshen da ya je nema.

Wannan tsari ba namu kaɗai ba ne. Ɗaliban Amurka kan tafi Meksiko su yi zango guda a gidajen mutanen garin, su ci abincinsu, su yi ciniki a kasuwarsu, domin Sifaniyanci ya zauna a bakinsu. A Najeriya kuwa, da kuɗin tura ɗalibai waje ya yi nauyi, gwamnatin tarayya ta kafa Ƙauyen Koyon Faransanci a Badagiri ta Jihar Legas a 1991, sannan ta kafa na Larabci a Ngala ta Jihar Borno, wanda rikicin Boko Haram ya sa ya koma Maiduguri. Mu a Adamawa muna da wata dama kuma, domin Kamaru maƙwabciyarmu ce, kuma Garwa tana bakin Kogin Binuwai ɗin da ya ratsa ta gefen Jimeta.

Fara da rigakafi. Duk wanda zai tsallaka iyaka zuwa Kamaru yana buƙatar katin shaidar allurar cutar shawara, mai ruwan ɗorawa. Katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, don haka kada a bari sai ana jibi tafiya. Allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa, kuma tun 2016 dokokin lafiya na duniya suka daina neman a sake ta. Ka tabbata an yi wa yaron allurar da gaske. Katin da aka saya ba tare da allura ba zai iya wucewa a bakin iyaka, amma ba zai hana sauro sa masa cuta ba.

Ka tambayi likita kan rigakafin sanƙarau, musamman idan zangon ya faɗo a lokacin rani, domin arewacin Najeriya da arewacin Kamaru duk suna cikin yankin da cutar ke yawan ɓarkewa, kuma ɗakin kwanan ɗalibai wuri ne na cunkoso. Mai tafiya Badagiri ya san zai bar busasshen zafin Yola ya shiga damshi da ruwan sama, saboda haka ya riƙe gidan sauro. Mai sikila ko asma ya tafi da isasshen magani da takardar likita mai bayyana ciwonsa, ya kuma san asibitin da ya fi kusa tun ranar da ya sauka.

Sai maganar harshe. A Garwa da Ngaundere ana jin Fulatanci da Hausa sosai, har yaron Yola zai iya gama zango bai yi cinikin tumatir da Faransanci ba. A Badagiri ma zai sami 'yan uwansa 'yan Arewa, su kafa majalisa. Ka ja kunnensa ya kwana da waɗanda ba su jin yarensa, ya yarda a yi masa dariya idan ya yi kuskure.

Kewar gida takan tsananta a makonnin farko. Ku tsayar da rana ɗaya ko biyu a mako ta yin waya, ku karɓi lambar malamin da ke kula da su. Idan ka ji yaro ya daina cin abinci, barci ya gagare shi, ko ya daina shiga aji, kada ka ce shagwaɓa ce. Ka kira malamin a ranar.