Tuƙin Babbar Mota: Ko Sai Da Takardar Bak?

Wannan tambaya daga ajin yaƙi da jahilci ta zo mana. Wani manomin rake ne na ƙasar Gaya ya yi ta. Ɗansa yana lakwal, amma hankalinsa ya koma tasha. Yaron ya ce shi direban babbar mota zai zama, kuma tuƙi ba ya son takarda. Uban ya rasa ta cewa. Ya bar shi ya tafi ne, ko ya tsare shi a aji?

Ba mu ga laifin yaron ba. Wanda ya tashi a Gaya da ƙugin manyan motoci ya tashi. Tun 1958 aka gina gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil a kan kogin Kwara. Shekara da shekaru, ta nan yawancin kayan da Nijar ke saukewa a tashar jiragen ruwa ta Kwatano suka riƙa shigowa. Daga Kwatano zuwa Yamai tafiyar ta fi kilomita 1000. Daga Gaya zuwa Doso kusan kilomita 150 ne. Ga kuma Kamba ta Najeriya nan kusa. Albasar Galmi ma ta wannan hanya ta saba gangarawa kudu.

To, ga amsa. Ba a neman takardar bak ga mai son tuƙin babbar mota. Abin da hukuma ke nema shi ne izinin tuƙi, wato permi. Permi kuwa iri-iri ne. Mai harafin B na ƙananan motoci ne, waɗanda nauyinsu bai wuce kilo 3500 ba. Mai harafin C na motar kaya ne mai nauyin da ya fi haka. D na motar fasinja ne. Mai jan tirela kuma sai ya ƙara da E. Kafin a ba mutum, sai ya ci jarrabawa biyu: ta dokokin hanya, da ta tuƙi.

Ba a ƙasarmu kaɗai haka take ba. A Amurka ma dokar tarayya ba ta ce sai da takardar gama sakandare ba. Ta dai ce mai ƙetare jihohi da kaya ya kai shekara 21, likita ya duba shi, kuma ya iya karanta Turanci da magana da shi gwargwadon yadda zai gane allunan hanya. Ku lura da wannan na ƙarshe. Ba su nemi takarda ba, amma sun nemi karatu.

A nan ne maganar yaron ta karye. Tun dā hanyar koyon tuƙi a wurinmu sananniya ce. Yaro ya zama karen mota. Ya wanke mota, ya sa waigi, ya ɗaure tamfol, ya kwana a ƙarƙashinta yana gadi. Bayan shekaru maigidansa ya fara ba shi sitiyari. Wannan makaranta ce babba, ba mu raina ta ba. Ta fitar da gwanaye masu jin ciwon inji da kunne kawai. Sai dai ba ta koyar da karatu, aikin kuwa cike yake da takardu. Akwai takardar mota, da ta inshora, da ta duba lafiyar mota, da takardun duwan, da takardar da ke faɗin irin kayan da aka ɗauko da yawansu. A Nijar da Benin da Faransanci ake rubuta su. A Najeriya da Turanci.

Mu ɗauki misali. An loda wa direba buhu 580, amma a takarda an rubuta 600. Bai iya karatu ba, ya dangwala yatsa ya kama hanya. Da ya isa aka ƙirga, buhu 20 babu. Wa za a kama? Shi. Ba sata ya yi ba, amma albashinsa ne zai biya, sunansa kuma ya ɓaci a wurin masu motoci.

Haka batun nauyi. A 2005 ƙasashen UEMOA, har da Nijar da Benin, sun kafa dokar awon kaya. Gatari guda na baya, wato ƙarfen da ke riƙe da tayoyin hagu da dama, idan taya ɗaya ce a kowane gefe, kada nauyin da ke kansa ya wuce tan 11 da rabi. Tan guda kilo 1000 ne, wato buhu 10 masu kilo 100. Direban da ya iya lissafi tun wurin lodi yake sanin inda ya tsaya. Wanda bai iya ba sai a kan sikeli zai ji labari, ga tara. Kaya fiye da kima kuma suna kashe birki, suna fasa taya, suna farfasa hanyar da mu manoma muke kai shinkafa da rogo kasuwa a kanta.

Akwai kuma wata takarda da ta fi bak amfani ga direba: ta likita. A gwada ido. A gwada hawan jini da ciwon suga, domin sukan daɗe a jiki mutum bai sani ba. A ƙasashen Tarayyar Turai doka ta ce bayan tuƙin awa 4 da rabi direba ya huta minti 45. Barci ba ya jin roƙo. Wasu samari suna shan tiramol wai don su kore gajiya. Wannan ƙwaya tana kawo jiri da gyangyaɗi, tana iya kayar da mutum yana shure-shure, kuma wanda ya saba da ita da wuya ya rabu da ita.

Abu na ƙarshe mutanen Gaya sun gan shi da idonsu. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka rufe gadar. Ɗaruruwan motoci suka yi cirko-cirko a Malanbil, kaya suna lalacewa. CEDEAO ta ɗage takunkumi a Fabrairu 2024, amma Nijar ta bar nata gefen a rufe. Kaya suka koma bin hanyar Lome ta Burkina Faso, cikin rakiyar sojoji. Wanda sitiyari kaɗai ya sani, ranar da mota ta tsaya shi ma ya tsaya. Mai karatu da lissafi kuwa yana iya riƙe littafin shago ko awon hatsi kafin hanya ta buɗe.

Ga abin da muka ce wa manomin. Kada ya ce wa yaron sai da bak, domin ba gaskiya ba ne, kuma a tasha za a ƙaryata shi. Ya yi sharaɗi da shi: ya zauna a aji har karatu da lissafi su zauna masa, har ya iya karanta takardar kaya shi kaɗai. Lokacin hutu ya riƙa zuwa gareji yana koyon inji. Idan kuwa yaron ya riga ya tafi, a nema masa ajin manya mafi kusa da tashar da motarsu ke kwana, a kuma roƙi maigidansa ya riƙa sakinsa ranakun karatu.