Abubuwan da ya kamata ka sani game da kalmomin soyayya a harsunan Malay da Indonesiya

Harshen Malesiya da na Indonesiya uwarsu ɗaya: harshen Malay, wanda fatake suka daɗe suna ciniki da shi a tsibiran kudu maso gabashin Asiya. A 1928 matasan Indonesiya suka yi alƙawarin riƙonsa, da sunan harshen Indonesiya, a matsayin harshen haɗin kan ƙasa. Kalmomin so suna da yawa a cikinsa, kuma manyan cikinsu daga damuwa da tausayi suka samo tushe.

Cinta: son da ya faro da damuwa

Yadda Bahaushe zai karanta ta, haka ake furta ta. Aro ce daga Sanskrit, tsohon harshen Indiya, inda take nufin tunani da zullumi. Cuɗanyar Malay da Sanskrit ta daɗe, domin rubuce-rubucen duwatsu na daular Sriwijaya a Sumatra, tun na ƙarni na 7, cike suke da kalmomin Sanskrit. A tsofaffin hikayoyin Malay, idan aka ce mutum yana "bercinta", to yana cikin baƙin ciki ko bege. Yau cinta ita ce soyayyar saurayi da budurwa, kuma da ita ake faɗin kishin ƙasa. Ita ce a sunan Ayat-Ayat Cinta, littafin Habiburrahman El Shirazy na 2004, wanda aka mayar fim a 2008.

Kasih: ƙauna mai tausayi

Wannan 'yar gida ce, ba aro ba. Ƙauna ce ta jinƙai, irin ta uwa ga ɗa ko ta Allah ga bayinsa. Daga gare ta aka sami "kekasih", masoyi, da "kasihan", abin tausayi. Ko godiyar yau da kullum, "terima kasih", ma'anarta ta zahiri karɓar ƙauna.

Sayang: ta bakin kowa

Da ita miji yake kiran matarsa, uwa take lallashin jaririnta, har kyanwar gida tana samun rabonta. Amma idan abinci ya zube ko dama ta wuce, za ka ji an ce "sayang sekali", wato kaico, an yi asara. Abin da kake so, shi kake jin zafin rasawa. Akan haɗa ta da kasih a ce "kasih sayang", ƙaunar da ke riƙe iyali.

Sauran 'yan rakiya

"Suka", ita ma daga Sanskrit, ita ce mafi sauƙi: son abinci, waƙa ko wanda ya burge ka. "Rindu" kewa ce, ko da yake a hirar Indonesiya an fi jin "kangen", aro daga harshen Jawa.

Rabon Larabci

Musulunci ya zo da rubutun Jawi, ɗan'uwan ajaminmu, da kalmomi irin su "asyik", wato mai tsananin so, wadda sufaye kamar Hamzah Fansuri suka yi amfani da ita wajen begen Ubangiji. A bakin matasan Jakarta yau, asyik na nufin abu ya yi daɗi kawai.

Wacce za ka ɗauka?

Idan hanya ta kai ka Kuala Lumpur ko Jakarta, ka bar suka ga abinci da abokai, sayang ga iyalinka. Cinta kuwa tana da nauyi: kada ka furta ta ga wani sai da gaske kake.