Jarrabawar da ke tsallakar da ɗalibin kiɗa daga azuzuwan farko a jami'o'in Amurka

Ɗalibin da ya samu gurbin karatun kiɗa a wata jami'a ta Amurka, kafin ya gama sanin hanyar ɗakin kwanansa za a zaunar da shi jarrabawa. Ba ta neman shiga ba ce, domin ya riga ya shiga. Ita wannan aikinta ta nuna ajin da ya dace a fara da shi a darussa biyu da su ne ginshiƙin karatun: ƙa'idojin kiɗa da kuma horar da kunne. A yawancin makarantun, kowanne daga cikin darussan nan yakan ɗauki zangon karatu huɗu, wato shekara biyu. Wanda ya yi abin kirki a jarrabawar ana iya ɗauke masa zango ɗaya ko biyu, wani lokaci ma fiye da haka. Ga mahaifin da ke sayen dala da naira domin biyan kuɗin makaranta, wannan ba ƙaramin lamari ba ne.

Darasin ƙa'idoji aikin takarda ne. Turawa suna rubuta kiɗa a kan layuka biyar, kuma ana son ɗalibi ya san sunan kowane sauti, da tazarar da ke tsakanin sauti biyu, da yadda ake haɗa uku ko huɗu su tashi lokaci guda ba tare da sun yi karo ba. Daga nan sai a koya masa tsara waƙa ga muryoyi huɗu, bisa salon da ake dangantawa da Johann Sebastian Bach, Bajamushen nan da ya rasu a 1750. Duk wannan ana iya koyonsa daga littafi, kuma mai naci yakan haddace shi cikin 'yan watanni.

Horar da kunne shi ne inda gizo ke saƙa. Malami zai buga wani ɗan gajeren kari a fiyano sau uku ko huɗu, ɗalibi kuma ya rubuta abin da ya ji, kamar dai shiftar da ake yi a firamare, sai dai nan sauti ake rubutawa maimakon kalma. Sai kuma a juya lamarin: a miƙa masa takardar waƙar da bai taɓa ji ba, a ce ya rera. A jarrabawar AP ta kiɗa, wadda hukumar College Board ke shirya wa 'yan sakandare a watan Mayu, daƙiƙa 75 ake ba ɗalibi ya duba takardar, sannan daƙiƙa 30 ya rera, ana naɗar muryarsa. Ana ba da maki daga 1 zuwa 5, kuma ana fitar da makin kunne dabam da na takarda, domin sau da yawa ba sa tafiya tare.

A nan ne matashin da ya tashi a Kano ko Jos yana haɗa kiɗa a kwamfuta zai iya shan mamaki. Kunnensa na iya fin na abokan karatunsa kaifi, ya ji waƙa sau ɗaya ya maimaita ta a madannai ba kuskure. Haka makaɗan ƙasar Hausa suka gada. Makaɗin kalangu yana bin hawa da saukar muryar magana har mai sauraro ya gane abin da gangar ke faɗa, kuma marigayi Mamman Shata bai buƙaci layuka biyar ba. Amma jarrabawar ba baiwa take aunawa ba. Abin da take nema shi ne igiyar da ta ɗaure kunne da alƙalami, a ji a rubuta, a gani a rera. Wanda ya girma cikin mawaƙan coci yana da ɗan sauƙi, saboda tsarin do, re, mi da 'yan mishan suka zo da shi daga Ingila ya kusa da wanda ake amfani da shi a kwalejin Berklee da ke Boston. A wasu makarantun kuwa, irin su Juilliard ta New York, "do" a kafe take a sauti ɗaya ba ta motsi, sai ɗalibi ya sake koyon abin da yake ganin ya sani.

Batun kuɗi kuma yana da wata ƙura da iyaye ba su cika lura da ita ba. Digirin farko a Amurka yakan buƙaci kiredit kusan 120. Wata makarantar idan ɗalibi ya ci jarrabawar sai ta rubuta masa kiredit ɗin darasin kamar ya zauna ajin, nan kam an rage nauyi. Wata kuwa yafe masa zaman ajin kawai take yi, amma dole ya cike gurbin da wani kwas. Ya sami damar karanta abin da ya fi so, amma ko sisi ba a rage ba. Haka nan makarantu da dama ba sa karɓar sakamakon AP a madadin nasu gwajin ga wanda kiɗa ne ainihin fanninsa. Saboda haka tambayar da ya kamata a aika wa sashen kiɗa tun kafin a sayi tikitin jirgi ita ce: kiredit kuke bayarwa ko yafewa kawai?

Akwai kuma haɗarin cin jarrabawar da ƙyar. Darussan nan a jere suke, kowane zango a kan na baya aka ɗora shi. Ɗalibin da ya tsallake da makin da bai taka kara ya karya ba zai tsinci kansa a aji na uku, inda kiɗa ke sauya mazauni a tsakiyar waƙa, alhali bai gama zama daram a kan na farko ba. Idan ya faɗi, sai ya maimaita ya kuma sake biya, ga tabo a takardar sakamako, wanda kan iya taɓa tallafin karatu idan yana da shi. Sauri ya haifi nawa ke nan. Shi ya sa malamai kan ba wanda ke kan iyaka shawarar ya tsallake na takarda, ya zauna na kunne.

Shirin kuwa ba a fafe gora ranar tafiya, domin kunne a hankali yake nuna, minti ashirin kullum ya fi awa biyar a ƙarshen mako. A Najeriya akwai inda za a gwada kai. Ƙungiyar MUSON da ke Onikan a Legas, wadda aka kafa a 1983, tana shirya jarrabawar kiɗa mataki-mataki, haka ma hukumar ABRSM ta Ingila mai matakai 1 zuwa 8. Takardar shaidarsu ba ta tilasta wa wata jami'ar Amurka ta ɗauke wa ɗalibi darasi, amma wanda ya haye mataki na 5 a ƙa'idoji ba zai ga baƙon abu a shafin farko na gwajin ba.