Ruwan Sama Ɗaya Ne, Amma Ƙasa Iri-iri Ce

Sau da yawa akan ga gonaki biyu maƙwabtan juna, ruwa ɗaya ya sauka musu, taki iri ɗaya aka zuba musu, amma da kaka ta yi sai wannan ta cika rumbu, waccan kuwa ko kuɗin taki ba ta fitar ba. Wasu su ce sa'a ce. Masanan ƙasa kuwa suna cewa a duba taƙi ɗaya ko biyu na saman ƙasar, domin a nan ne ruwa da iska da saiwa suke haɗuwa.

Jigawa dai rairayi ce, ruwa yakan shige ta da sauri, ya wuce inda saiwar gero take kaiwa. Laka ta fadama kuwa takan riƙe ruwa har ta ƙoshi. Fako shi ne wanda samansa ya daskare, ruwa ya bi ta kansa ya tafi kwari. Ana iya samun duka ukun a gona guda.

Cikin ƙasar nan akwai ƙananan halittu waɗanda ido ba ya gani, su ne ke ruɓar da kara da kashin dabbobi su zama abincin shuka. Da rani sukan lafa saboda rashin laima. Da ruwan farko ya sauka sai su farka gaba ɗaya, su saki sinadarin naitrojin mai yawa cikin 'yan kwanaki. Wani masani mai suna H. F. Birch ya bayyana wannan a 1958, bayan binciken da ya yi a Afirka ta Gabas. Manomin da ya yi shuka da wuri shi ke cin moriyar wannan takin na kyauta.

To, amma kowace ƙasa da yadda take yi da shi. A jigawa, ruwa mai ƙarfi yakan wanke naitrojin ya kai shi ƙarƙashi, kuma haka yake yi wa yuriyar da aka saya da tsada. A fadamar da ruwa ya kwanta, iska ba ta shiga, sai waɗansu halittun su mai da sinadarin ya zama iska ya tashi sama. A jangargari kuwa, ƙarfen da ya ba ta jan launi yakan kama takin sufa ya riƙe, shuka ta sami kaɗan.

Manoma sun daɗe da sanin wannan bambanci. A ƙasar Dikwa da Marte ta Jihar Borno akwai baƙar laka da ake kira firki, wadda ke tsagewa da rani. Bayan damina ta wuce ake dasa dawar masakwa a cikinta, ta nuna da laimar da lakar ta ajiye, ba tare da ruwan sama ba. A yankin Tawa na Jamhuriyar Nijar kuma, manoma suna haƙa ƙananan ramuka da suke kira tassa a kan fako, su zuba taki a ciki, ramin ya tare ruwa, gara ta huda ƙasar, gero ya fito.

Saboda haka bai kamata a yi wa gona duka ma'auni ɗaya ba. A jigawa, a raba takin zamani kashi biyu ko uku, a rufe shi da ƙasa, a kuma haɗa da takin gargajiya domin ya riƙe laima. A fadama, a yi wa ruwa hanya kafin a zuba taki, sai fa in shinkafa ce. Wanda ya sami hali ya kai ƙasar gonarsa a auna masa, kamar a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya, ko kuwa ya nemi shawarar malamin gona tun kafin ya sayi buhu.