Manhajar Tsaro ta Bogi da Yadda Ake Raba Kwamfuta da Ita

Manhajar leƙen asiri ita ce wadda ke laɓewa cikin kwamfuta tana tattara bayanan mai ita, kamar kalmomin sirri da lambobin katin banki, tana aika su ga wasu ba da saninsa ba. Tsoron da jama'a ke yi mata ne ya zame wa 'yan damfara jari, domin sun ƙirƙiro manhajoji masu kama da na tsaro, irin su SpySheriff da WinFixer da Antivirus 2009, waɗanda aikinsu kawai shi ne su nuna binciken ƙarya a fuskar kwamfuta, su jero cututtukan da babu su da jan rubutu, sannan su ce ba za a share su ba sai an biya kuɗi.

Harkar ta yi girman da a Disambar 2008 Hukumar Kasuwanci ta Tarayyar Amurka ta maka kamfanin Innovative Marketing a kotu bisa zargin yaudarar fiye da mutum miliyan 1, kuma a 2012 kotu ta umarci ɗaya daga cikin waɗanda aka yi ƙara ta biya dala miliyan 163. Masu kwamfutar Apple ma ba su tsira ba, domin wata manhajar bogi mai suna Mac Defender ta addabe su a 2011.

Abin da ke sa cire irin wannan manhaja wuya shi ne tana kare kanta: takan hana manhajar tsaro ta gaskiya buɗewa, ta toshe Task Manager, wato allon da ke nuna duk abin da ke aiki a kwamfuta, ta kuma karkatar da burauza daga shafukan kamfanonin tsaro. Saboda haka bin matakai daki-daki ya fi gaggawa amfani. Da farko ana katse intanet, kuma ba a danna komai a jikin gargaɗin, ko da maɓallin sokewa ne, tunda shi ma kan zama tarko. Sai a sake kunna kwamfutar a yanayin da Windows ke kira Safe Mode, inda abubuwan da suka zama dole kaɗai ke tashi, ta yadda sau da yawa manhajar bogin ba ta samun damar motsi. A tsofaffin Windows ana shiga ta maɓallin F8, a Windows 10 da 11 kuwa ana riƙe Shift yayin danna Restart.

Ya fi dacewa a sauke kayan gyara a wata kwamfuta mai lafiya, daga shafin kamfanin da ya ƙera su, a kawo su a filashi. Wannan sharaɗi ba ƙarami ba ne, domin wanda ya rubuta sunan manhajar bogin a injin bincike yana neman magani kan faɗa hannun wata ta bogin, ya zama an gudu ba a tsira ba. Ƙaramar manhajar Rkill tana dakatar da mugayen ayyukan da ke gudana amma ba ta goge su, don haka ba a kashe kwamfutar bayan amfani da ita har sai manhajar tsaro ta Malwarebytes ko makamanciyarta ta kammala cikakken bincike. Idan cutar ta yi taurin kai, Microsoft Defender Offline kan bincika kwamfutar kafin Windows ya tashi, lokacin da manhajar ba ta iya ɓuya. Daga nan sai a mayar da saitin burauza yadda yake tun asali, a kuma janye izinin aiko sanarwa daga shafukan da ba a sani ba, tunda gargaɗin ƙarya da dama ta wannan ƙofa suke shigowa.

Wanda ya riga ya biya kuɗi, matsalarsa ta wuce kwamfuta, domin lambar katinsa na hannun ɓarayi. Wajibi ne ya sanar da bankinsa a toshe katin, ya kuma sauya kalmomin sirrinsa ta wata na'ura dabam. Idan alamun cutar suka ci gaba da dawowa bayan duk wannan, abin da ya rage shi ne a kwashe takardu da hotuna, ban da fayilolin manhaja, a goge kwamfutar a sake ɗora mata Windows.