Ranar da Mai Kiɗa Ya Rasu: Ibro, Wayarmu, da Haƙƙin Mamaci

Ga rubutun shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba. Kamar kullum daga nan Jakara nake magana, cikin birnin Kano. Waɗanda suka ji muryar sun san akwai ƙarar adaidaita da hayaniyar 'yan Kasuwar Kurmi a baya, to a yi mana afuwa, unguwarmu ke nan.

Yau maganar mutuwa zan yi, da yadda muke ba da labarinta. Zan fara da mutumin da ba na jin akwai gidan da bai taɓa sa dariya ba a ƙasar Hausa: marigayi Rabilu Musa Ɗanlasan, wato Ibro.

An haife shi a 1971 a Ɗanlasan, cikin ƙaramar hukumar Warawa. Ya yi aikin gidan yari na wasu shekaru kafin ya ajiye kaki ya rungumi wasan kwaikwayo. Mu da muka taso a farkon shekarun 2000, da finafinansa aka raine mu: Ibro Usama, Ibro Awilo, Andamali da sauransu. Abin da mutane ke mantawa shi ne, Ibro mawaƙi ne. Ku tuna "Bayanin Naira" da "Idi Wanzami". A kan kiɗan fiyano ya ɗora su, kiɗan nan da ya mamaye finafinan Kano tun zamanin Sangaya a 1999, lokacin da samari suka gano cewa da Yamaha guda ɗaya za a iya fitar da sautin kalangu da algaita da sarewa. Kuma bai yi sana'ar a kan gadon fure ba. A 2008 kotun tafi-da-gidanka ta hukumar tace finafinai ta tura shi kurkuku a kan fim ɗin Ibro Aloko. Tsohon gandiroba ya koma ciki a matsayin fursuna. Ya fito ya ci gaba da ba mu dariya.

Ya rasu ranar 10 ga Disamba 2014, bayan ya sha jinya. Ina ajin ƙarshe a sakandare. Kun san abin da na ce da aka gaya min? Ban yi salati ba. Cewa na yi, "Kai dalla, sau nawa ake kashe Ibro?" Don kuwa kafin ranar an sha yaɗa cewa ya mutu, sai a wayi gari a ji yana nan da ransa. Jita-jita ta cinye mana amana, har ranar da gaskiya ta zo muka karɓe ta da dariya. Wannan abin yana damuna har yau. Haka aka yi wa marigayi Sani Garba SK: an yi ta kashe shi a Facebook yana kwance yana jinya, har Allah ya karɓi abinsa a Disambar 2021. Ku ɗan yi tunani, mutum yana fama da ciwo, ya karɓi waya ya ga hotonsa da "Allah ya jiƙan rai" a ƙasa.

Kada wani ya ce wannan cutar 'yan soshiyal midiya ce kaɗai. A Nuwamban 1989, babu Facebook babu WhatsApp, manyan kafafen labarai na ƙasar nan suka ba da labarin rasuwar Nnamdi Azikiwe, shugaban Najeriya na farko. Mutumin yana raye, kuma bai rasu ba sai a Mayun 1996. Gaggawa tsohuwar cuta ce. Abin da ya canza shi ne, da can sai kana da injin buga jarida za ka iya wannan ɓarnar. Yau kowa yana da injin a aljihunsa.

Ciki har da ni. Bari in faɗi laifina, don kada ku ɗauka wa'azi na hau yi muku.

Akwai wani abokina da muka taso lungu ɗaya. Ba zan faɗi sunansa ba. Mai kiɗan fiyano ne, irin waɗanda ke zama a situdiyo su haɗa kiɗa, mawaƙi ya hau kai ya yi suna, su kuma ko a fosta ba a sa su. Hannunsa yana da daɗi wallahi. In ya zauna gwaji da daddare, yaran lungu kan taru a bakin tagarsa. Wata rana suna dawowa daga wani biki a wajen gari, motarsu ta yi haɗari. Kafin asuba hotonsa yana kwance a gefen titi ya shiga guruf ɗinmu. Na gani, jikina yana rawa, na ɗora a sitatus, na rubuta addu'a a ƙasa. A raina alhini nake yi.

Mahaifiyarsa gurasa take yi, kamar iyayenmu mata da yawa a Jakara. Tana bakin tanderu da sassafe, ba wanda ya gaya mata komai. Kawunnansa suna can suna shawarar wane dattijo za a tura, da wace kalma za a fara. Sai ga wata yarinyar maƙota ta shigo da waya tana kuka: "Inna, duba, ba Yaya ba ne wannan?" A haka ta ga ɗanta. Daga wayar wa hoton ya isa wurin yarinyar, wannan ba shi ne abin tambaya ba. Ina cikin waɗanda suka ɗora. Bayan sadakar uku na je na durƙusa na ce, "Inna, ki yafe min, ina cikin masu yaɗa hoton nan." Ta ce, "Na yafe maka, ɗan nan. Amma duk sanda na rufe ido, wannan hoton nake gani, ba fuskarsa ba."

To me ya sa muke haka? Dalili biyu nake gani. Na farko, son a ce kai ka fara faɗa. Na biyu kuma kuɗi. Manhajojin nan an gina su ne su tura wa mutane abin da ya fi tsayar da yatsa, kuma ba abin da ke tsayar da yatsa kamar mutuwar wanda aka sani. Wanda ya riga ɗorawa shi ke kwashe laik da sharin. YouTube ya daɗe yana biyan masu tashoshi gwargwadon tallar da ake kallo, kuma tun 2024 Facebook ma ya buɗe wa 'yan Najeriya wannan ƙofar. Shi ya sa kuke ganin kanun nan: "Abin da ya faɗa kafin ya cika", "Ainihin abin da ya kashe shi". Ka shiga ka tarar ba komai sai tsofaffin hotuna da kiɗan tausayi. Gawar wani ta zama jarin wani.

Alhali aikin jarida yana da ƙa'ida a rubuce. A 1998, a Ilorin, ƙungiyar 'yan jarida ta NUJ da ƙungiyar editoci da ta masu gidajen jaridu, tare da Majalisar Kula da Aikin Jarida ta ƙasa, suka amince da kundin ɗa'ar aikin. A ciki an wajabta tabbatar da labari kafin a buga, da gyara kuskure da wuri in an yi shi, da mutunta sirrin mutum da iyalinsa. An hana baje hotuna da bayanai masu tayar da hankali, an kuma ce in za a tunkari wanda ke cikin baƙin ciki, a tunkare shi da tausayi da taka-tsantsan. Za ka ce ai kai ba ɗan jarida ba ne. Ɗan'uwa, in mutum dubu biyar na bibiyar shafinka, aikinsu kake yi, ko kana da katin shaida ko ba ka da shi.

Mu kuma tun kafin Ilorin muna da namu. Aya ta 6 a Suratul Hujurat umarni ce da a bincika labari kafin a yi aiki da shi. A hadisin da Muslim ya ruwaito, an nuna cewa faɗin duk abin da mutum ya ji ya ishe shi zama maƙaryaci. A Bukhari an hana zagin matattu. Kuma ku duba kalmar da Bahaushe ya zaɓa wa jana'iza: sutura. Mai wankan gawa ba ya fita ya ba da labarin abin da ya gani. Mu kuwa mun mayar da kyamara mai wankan gawa marar riƙon amana.

Akwai wani abu da ya fi shafar mawaƙa da 'yan fim. Da zarar ɗayansu ya rasu, sai kotu ta zauna a wurin kwament: wannan yana yanke masa makoma, wancan yana lissafa masa zunubi. Muhawara a kan kiɗa tsohuwa ce a garin nan, kuma tana da wurinta da malamanta. Amma ranar da marayu ke zaman makoki da waya a hannunsu ba ranarta ba ce. Duk abin da ka rubuta, wata rana ɗansa zai buga sunan mahaifinsa a intanet ya karanta.

Bari in kai ku nesa kaɗan, ku ga ana iya yin abin da kyau. A Amurka an yi wani gwanin fiyano a salon kiɗan jaz, sunansa Ahmad Jamal. An haife shi a birnin Pittsburgh a 1930, ya musulunta yana saurayi, kuma faifan da ya ɗauka a otal ɗin Pershing na Chicago a 1958 ya kai sunansa duniya. Ya rasu ranar 16 ga Afrilu 2023 yana da shekara 92. Iyalinsa ne suka tabbatar da rasuwar, su suka faɗi ciwon da ya yi ajalinsa. Manyan jaridu suka ba ciwon layi ɗaya, sauran shafin kuma suka cika shi da aikinsa: yadda yake barin shiru a tsakanin sautuka, da yadda Miles Davis ya sha faɗin cewa ya koya daga gare shi. Can ma suna da nasu 'yan cin gawar, kada ku ɗauka mala'iku ne. Amma wanda ya karanta waɗannan ya tashi ya san waye mutumin. Mu fa? Shekara goma da ɗoriya da rasuwar Ibro, wa ya zauna ya tattara waƙoƙinsa, da shekarar kowacce, da sunan wanda ya kaɗa masa fiyano? Mun iya yaɗa mutuwa, ba mu iya adana rayuwa ba.

Ga alƙawarin da na ɗaukar wa kaina tun ranar da na fito daga ɗakin Inna. In na ji an ce wane ya rasu, ba na ɗorawa sai na ji daga iyalinsa ko daga kafar da ta ambaci wanda ya tabbatar mata. Ina tambayar kaina: an gaya wa mahaifiyarsa? An gaya wa matarsa? Ba na tura hoton gawa, ko na gadon asibiti, ko na wurin haɗari, kuma wanda ya turo min ina bin sa ta bayan fage in roƙe shi ya goge. Ba na faɗin abin da ya kashe mutum in ba danginsa ne suka faɗa ba. In na yi kuskure, ina fitowa in ce na yi kuskure a wurin da na yi shi, ba in goge in yi shiru ba. In kuma zan sa hoto, ina neman wanda yake murmushi a ciki.

Jinkirin awa biyu ba ya rage ladan addu'a. Amma gaggawar minti biyu tana iya zama abin da wata uwa za ta riƙa gani har ƙarshen ranta.

Allah ya jiƙan Rabilu Musa, ya jiƙan Sani Garba, ya jiƙan abokina da duk namu da suka riga mu. In tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani, ya kuma haɗa mu da masu rufa mana asiri. Wanda irin wannan ta taɓa faruwa da shi, ya ba mu labari a ƙasa, amma don Allah ban da suna, ban da hoto. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.